Rigima Kan Alamar Daidai: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Jama'a, yau mun leƙa zauren masu gina kwamfaila, wato manhajar da ke yi wa kwamfuta tafinta, tana mayar da rubutun ɗan Adam yaren na'ura. Masana ne na gaske, amma kan yadda za a rubuta "wannan ya fi wancan" kawai sai a kai ruwa rana.

A yaren C, alamar = guda ɗaya umarni ce: x = 5 na nufin zuba 5 cikin x. In ta zama biyu, x == 5, tambaya ce ake yi, shin x daidai yake da 5? Ka mance ɗaya, na'ura ta zuba abinta, ta kuma amsa maka da "ƙwarai kuwa". Ba ta san kunya ba.

Gudun haka ya sa wasu suka juya rubutun, suna sa 5 == x, domin idan alama ɗaya ta faɗi kwamfaila za ta turje, tunda ba a zuba komai cikin 5. Aka raɗa wa salon sunan Yoda, koren tsohon nan na finafinan Star Wars mai magana a birkice. Masu adawa suka ce kwamfailolin yanzu ai suna gargaɗi da kansu, me ya yi zafi? Wahala, karatunsa akwai.

Abin dariyar shi ne, manyan kwamfailoli suna da tasu ɗabi'ar a ciki: ko ta wane gefe ka sa lambar, sai su mayar da ita dama kafin su fara aiki. Wata ma, in ta ga x >= 5 a cikakkun lambobi, sai ta maishe shi x > 4 don komai ya zo mata iri ɗaya. Ku yi ta musu, ita ta riga ta gama shawara.

Kada dai a raina alama ɗaya. A 2003 an yi yunƙurin cusa ƙofar baya a zuciyar Linux da = a inda ido ke zaton ==, layin da zai ba mai kutse cikakken iko kan na'ura. An gano shi kafin ya shiga babban rumbun. Allah Ya kiyaye.

Wanda kuma da gangan yake son zubi a wurin tambaya, al'ada ita ce ya ƙara baka biyu a kan na farko, kwamfaila ta gane yana sane, ta yi shiru.

"Ba daidai ba" ma kowa da bakinsa: C na rubuta !=, Pascal <>, Haskell /=, Lua kuwa ~=. Tsohon Fortran na zamanin kati mai huda haruffa ya yi amfani da su, .NE. da .EQ., sai a Fortran 90 alamomi suka shigo. Sannu a hankali, kaka.

A Python, 1 < x < 10 na nufin abin da ido ya gani. A C kuwa kullum gaskiya ne, domin 1 < x yana ba da 0 ko 1, duka biyun kuma ƙasa da 10 suke. Ko x miliyan ne, ya ci jarrabawa.

Akwai ƙimar da ba ta daidai da kanta, ita ce NaN, sakamakon lissafi irin raba sifili da sifili a ƙa'idar 1985 ta lambobi masu ɗigo. Saboda ita, kwamfaila ba ta isa ta ɗauki x == x a matsayin gaskiya kai tsaye ba. A can ma 0.1 da 0.2 ba sa haɗuwa su ba da 0.3 cif.

C++20 ya kawo <=>, mai amsa tambaya uku lokaci guda, ƙasa, daidai ko sama, ana kuma yi masa laƙabi da kumbo saboda siffarsa. Perl ya daɗe da shi.

Masu koyo, in kun shiga aikin wasu, ku bi salon da kuka tarar, ku kuma ƙirga alamominku kafin ku tura.