Garin Ƙarfe a Ƙwaƙwalwar Ɓera: Mene ne Gaskiyar Magana?

Manoma da makiyaya, ku kasa kunne. A shekarar 2021, lokacin cutar korona, an yi ta yaɗa wata magana a wayoyin hannu. Wai akwai ƙarfe cikin allurar rigakafi, wai da shi za a riƙa juya hankalin mutum daga nesa. Ga yadda abin yake.

Gaskiya ne masana suna wani gwaji, amma a kan dabbobi. Suna sarrafa garin ƙarfe wanda ya fi ƙura laushi. Sai an jera ƙwayoyinsa dubbai kafin su kai kaurin gashi ɗaya.

A 2015, a wata babbar makaranta ta Amurka mai suna MIT, an zuba wannan gari cikin ƙwaƙwalwar ɓeraye. Da aka kunna maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, sai garin ya ɗauki ɗumi, ya tada jijiyoyin wurin. A 2024, masanan Koriya ta Kudu sun ƙara gaba. Sun sa wasu ɓeraye yawan ci, wasu kuma suka rage. Har macen da ba ta haihu ba ta riƙa kwaso jarirai tana kai su sheƙa.

To, amma aikin yana da sharaɗi uku. Sai an sauya halittar jijiyoyin ɓeran tukuna. Sai an sa garin cikin ƙwaƙwalwa kanta. Sai kuma ɓeran yana dab da na'urar, don ƙarfin maganaɗisu ba ya zuwa nesa. Allurar da ake yi wa yaro a dantse, ko saniya a wuya, ba ta cika ko ɗaya ba. Babu garin ƙarfe a cikinta.

Burin masanan shi ne a samo maganin cututtuka irin su farfaɗiya da makyarkyata. Da sauran aiki.

Abin tsoro na nan gida. Daga Nuwamba 2022 zuwa Janairu 2023, sanƙarau ya kama mutum 559 a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Dungas ce ta fi shan wuya.

Saboda haka, in ma'aikatan lafiya sun iso garinku ko rugarku, ku fito da yara. Mai tambaya ya tambayi likita. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Rigakafi ya fi magani.