Injin Sassaƙa Mai Aiki da Kwamfuta: Ana Iya Haɗa Shi a Gida

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masassaƙi ya san cewa gwanintar tana hannu. Da gizago ake fitar da turmi daga kututturen ƙirya, a fitar da allo daga itacen aduwa, amma da wuya a sami biyu da suka yi daidai da juna. Akwai inji da ake kira CNC wanda kan sassaƙa zane guda sau ɗari ba tare da ya kauce ba. Tambayar ita ce, shin ɗalibi a gari kamar Kausani, cikin Ƙaramar Hukumar Wudil, zai iya haɗa irinsa a zauren gidansu?

Asalin wannan fasaha daga Amurka ne. A shekarar 1952 Cibiyar Fasaha ta Massachusetts ta nuna injin yankan ƙarfe da ke karɓar umurni daga doguwar takarda mai huji-huji. Amma tushensa ya girmi haka, domin tun 1637 masanin lissafin nan na Faransa, René Descartes, ya nuna yadda za a bayyana matsayin kowane ɗigo da lambobi. Wato layukan x da y da ɗalibai ke zanawa a darasin lissafi su ne harshen injin. Na x ya kai baki dama ko hagu, na y ya kai shi gaba ko baya, na uku kuwa, z, ya nutsa shi cikin katako.

Injin ya yi kama da jikin mutum. Firam ɗinsa shi ne ƙashi, wayoyi su ne jijiyoyin kai saƙo, ƙwaƙwalwa kuwa ɗan allon lantarki ne mai suna Arduino, wanda aka fara yi a Italiya a 2005, ana kuma ɗora masa manhajar Grbl da ake samu kyauta. Tsokar ita ce wani ƙaramin inji mai juyawa taku-taku. Mafi yawansu taku 200 suke yi kafin su cika zagaye guda. Idan aka haɗa shi da sandar ƙarfe mai zare mai kaurin milimita 8, kowane zagaye zai tura noti milimita 1.25. Ke nan sai an yi taku 160 kafin a ci milimita ɗaya, kuma taku guda bai kai kaurin gashin kai ba ko kusa.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Wannan lissafi ba ya amfani idan ƙashin ya yi rauni. Bakin da ke yanka yana tura katako, katako kuma yana tura shi. Muddin firam ya lanƙwashe, ko noti ya yi lako-lako a jikin sandarsa, to da'ira za ta fito kamar ƙwai. Saboda haka a fara da ƙaramin inji, a yi firam da ƙarfe mai kauri ko filawud mai ƙwari, a sa boris masu kyau, a kuma danne wasan noti da noti biyu da sifirin a tsakaninsu. Kafin a ɗaura bakin yanka, a ɗaura biro a sa injin ya zana murabba'i, sannan a auna daga kusurwa zuwa kusurwa. In layukan biyu suka zo daidai, aiki ya yi.

Kayan ba su gagari mai nema ba. Ƙarfe da boris ana samunsu a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, tsofaffin na'urorin buga takardu kuma na ɗauke da injinan taku. A 2013 wani matashi a Lome ta ƙasar Togo, Afate Gnikou, ya haɗa na'urar ƙera abubuwa da tarkacen kwamfutoci, bisa wannan tsari na layuka uku. Ga kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil, wadda ta fara aiki a 2001, inda malaman sakandare za su iya neman shawara.

Sai dai rigakafi ya fi magani. A 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa dajin hanci. Dole ne a rufe hanci, a sa tabarau, a yi aiki inda iska ke shiga, a kuma ajiye makashin wuta kusa da hannu.

Injin bai san itace ba. Kafinta ne ya san wanda ya bushe, mai walda ne ya san inda ƙarfe zai murɗe, ɗalibi kuma shi ke riƙe da lissafi. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta da ta haɗa waɗannan ukun a rumfa ɗaya ta riga ta ci rabin aikin.