Mene ne jirgin ƙasan wasa da ake gani a fina-finan Kirsimeti?

Ƙaramin jirgin ƙasa ne na ƙarfe ko roba da ke zagaya siririn layin dogo a tsakar ɗaki. Wutar lantarki ke bi ta layin, ta juya injinsa. Kamfanin Lionel, da aka kafa a New York a 1900, ya yi fice wajen ƙera irin waɗannan jirage a Amurka, har da samfurin jirgin fim ɗin The Polar Express na 2004.

Abin yara ne, amma manya ne ke rububin tara shi. Tsufansa, ƙarancinsa da kwalinsa na asali su ke ɗaga farashi a gwanjo.

A Jalingo kuwa, inda layin dogo bai iso ba, yaran unguwar Sarkin Dawaki sun fi sabawa da motar langalanga da ta kara, ƙirar hannunsu.