DOT 5 Ba Yayan DOT 4 Ba Ne

Sau huɗu saƙon nan ya shigo wayata cikin mako guda. Sau uku daga zaurukan WhatsApp na masu sha'awar motoci, na huɗun kuma daga ɗan yayata, wanda ya yi shekara biyu yana tara kuɗi kafin ya shigo da Dodge Challenger ta hannu ta Kwatano. A ƙarƙashin saƙon ya rubuto mini: "Kawu, na riga na sa an kawo mini man daga Legas, Asabar za mu zuba." Ban tsaya rubuta amsa ba, kiransa na yi nan take.

Saƙon dogon jeri ne na abin da ya kira sirrin mayar da Mustang ko Camaro ko Challenger motar tsere. Waɗannan su ne motocin da Amurkawa ke yi wa laƙabi da masu ƙwanji: babban inji mai silinda 8 a gaba, tayoyin baya ke turawa. Babu sunan marubuci a kan saƙon, babu ko alamar cewa ya taɓa riƙe sifana. Duk da haka mutanen da na san suna da hankali suna ta tura shi kamar sadakar Juma'a, kuma wannan ya fi ɓata mini rai a kan shi kansa rubutun.

Yawancin abin da ke ciki shirme ne da aljihu kawai zai cutar. Jan fenti a kan kalifar birki ado ne, kuma yana da kyau, amma bai taɓa tsayar da mota ba. Fiffiken roba da ake mannawa a kan but shi ma ado ne. Salansa mai ruri tana ƙara ƙara ne fiye da ƙarfi. Cika taya da naitirojin ba zai sa mota gudu ba, tunda iskar da mai faci ke bugawa ma kashi 78 cikin 100 naitirojin ce. Wili mai inci 22 kuwa nauyi yake ƙarawa, ya bar taya siririya wadda ramin farko zai fasa. Da girman wili ne sirrin tsere, da Chevrolet bai sa wa Camaro ZL1 1LE, wadda ya ƙera musamman don filin tsere, wili mai inci 19 ba alhali ZL1 ta titi tana da 20. Faifan birki mai huji-huji yana da ban sha'awa ta cikin wili, amma idan ya sha zafi daga bakin hujin tsagewa ke farawa, shi ya sa masu zuwa fili suka fi son faifai sumul ko mai tsaga-tsaga.

Sai batun indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Saƙon ya ce a fasa a cire, mota za ta ƙara ƙarfin doki hamsin. A injin da ba a taɓa ba, abin da za a samu bai kai ka ji shi a ƙafa ba. Abin da ya tabbata shi ne fitilar gargaɗin inji za ta kama, hayaƙi mai guba ya ƙaru, wanda ya cire kuma ya tafi da abin da ke ciki, domin akwai filatinom da faladiyom da rodiyom a jikinsa, masu sayensu kuma suna nan. A Amurka, cire shi daga motar da ke hawa titi laifi ne a dokar tarayya.

Akwai wurare biyu da saƙon ya faɗi gaskiya, kuma sai na ba shi haƙƙinsa. Ya ce taya mai kyau ta fi kowane gyara canza halin mota a kwana, haka ne. Ya kuma ce zafi ne babban abokin gabar waɗannan motoci a fili. Wannan ma haka ne: Shelby GT350 ta 2016 wadda ba ta zo da na'urorin sanyaya man giyabos da na aksul ɗin baya ba ta riƙa rage wa kanta gudu a filin tsere idan ta ɗau zafi, har a 2017 Ford ya mayar da na'urorin cikin kayan kowace GT350. Gaskiyar nan biyu su ne suka sa mutane suka saki jiki da sauran.

Layin da ya sa na ɗauki alƙalami ga shi. Saƙon ya ce kafin ka shiga fili, ko ka yi wasan mota, ka zuba man birki DOT 5 a madadin DOT 3 ko DOT 4, domin lambarsa ta fi girma, ba ya tafasa da wuri, ba ya shan ruwa, kuma za ka iya ƙara shi a kan wanda ke ciki ba sai ka juye ba. Wannan shawara tana iya raba direba da birkinsa yana cikin gudu.

Ban ga laifin ɗan yayata ba da ya yarda. Duk wanda ya ga uku, huɗu, biyar a jere zai ɗauka tsani ne, kowane mataki ya fi na ƙasa. Kuma rabin maganar gaskiya ce. Lambobin sun fito ne daga ƙa'idar ma'aikatar sufuri ta Amurka mai lamba 116, wadda ta ƙayyade mafi ƙarancin zafin da kowane mai zai jure kafin ya tafasa. Sabon DOT 3 digiri 205 ne a ma'aunin Salshiyos, DOT 4 digiri 230, DOT 5 kuwa 260. Gaskiya ne kuma DOT 5 ba ya shan ruwa, ba ya cin fenti. Shi ya sa rundunar sojin Amurka ke amfani da shi a motocinta, masu tsoffin motocin tarihi da ke shekara a ajiye suke sonsa, kamfanin Harley-Davidson ma a da ya daɗe yana zuba shi a baburansa.

Abin da saƙon bai faɗa ba shi ne DOT 5 ba ɗan gidan ba ne sam. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 duk daga sinadarin gilaikol aka yi su, uwa ɗaya uba ɗaya, suna gaurayuwa da juna. DOT 5 kuwa silikon ne, shi ya sa ake rina shi shunayya don kada a rikita. Ba ya gaurayuwa da su, kamar yadda man gyaɗa ba ya gaurayuwa da ruwa. Ka lura da wannan tarko: DOT 5.1 ɗan'uwan DOT 4 ne, ba na DOT 5 ba, duk da kamannin suna.

Matsala ta farko ita ce kumfa. Silikon yana riƙe ƙananan ƙwayoyin iska, ba ya sakinsu da sauƙi, kuma shi kansa ya fi gilaikol matsuwa. Kowace Mustang, Camaro da Challenger ta wannan zamani tana da ABS, na'urar da ke kama birki tana saki sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya don kada taya ta ƙulle. Wannan kamawa da saki kaɗa man take yi kamar maburgi a cikin miya. Aikin birki kuwa gaba ɗaya ya dogara ne a kan cewa ruwa ba ya matsuwa: ka taka a nan, ƙarfin ya isa kalifa a can. Iska tana matsuwa. Idan mai ya yi kumfa, wani ɓangare na takunka kumfar zai tafi dannewa, birki ya yi laushi, daidai lokacin da ABS ta shiga aiki, wato lokacin da ka fi bukatarsa.

Ta biyu ita ce wadda saƙon ya ɗauka falala ce. Ruwa yana shiga layin birki ko ka so ko ka ƙi, ta murfin tulun mai, ta jikin tiyon roba, musamman da damina. Gilaikol yana shanye wannan danshi ya baza shi ko'ina, sai ƙarfinsa ya riƙa raguwa a hankali. Idan ya sha ruwa kashi 3.7 cikin 100, ƙa'idar ta ce DOT 4 ya jure aƙalla digiri 155, DOT 3 kuma 140. Silikon ba ya shan ruwan, to ina ruwan zai je? Ya fi man nauyi, sai ya gangara ya taru a wuri mafi ƙasa, wato cikin kalifa, inda zafi ya fi ko'ina. Can yana nan ruwa tsantsa, kuma ruwa a digiri 100 yake tafasa. Lambar 260 da ke jikin kwalba ba ta da amfani ga wannan ɗigo.

Mai yiwuwa wani ya ce ina birki ina digiri ɗari. Mu yi lissafi da motar ɗan yayata. Challenger mai babban inji tana kusan tan 2. Hellcat ta 2015 mai ƙarfin doki 707 ta ɗan haura haka. Idan mota mai kilo 2,000 ta sauko daga gudun kilomita 200 a awa zuwa 80 don shiga kwana, ƙarfin da za ta zubar ya isa ya kai ruwa lita 8 ga tafasa, kuma cikin daƙiƙa uku zuwa huɗu kusan duka yake shiga faifai da takalmin birki. A fili irin Road America na jihar Wisconsin, mai tsawon kilomita 6.5 da kwana 14, direba zai maimaita irin wannan taku sau da dama a kowane zagaye, birki bai gama hucewa ba ya sake taka shi. Faifai kan haura digiri 500. Gudu kuma idan ya ninka biyu, zafin ninkawa huɗu yake yi. Ba banza ba Dodge ya sa wa Hellcat kalifar Brembo mai fistin 6 da faifai mai faɗin milimita 390 a gaba. Duk wannan ƙarfe kuwa 'yan cokulan man da ke bayan fistin yake jira.

Birki iri biyu yake gajiya, kuma ya kamata mai irin wannan mota ya san bambancinsu da ƙafarsa. Idan takalmin ne ya ƙone, za ka ji birki da tauri yadda ka saba amma mota ba ta tsayawa sosai, ga ƙauri. Wannan yana zuwa da gargaɗi, sai ka sassauta ka bar shi ya sha iska. Idan mai ne ya tafasa, tururi ya shiga layi, ƙafarka kawai za ta nutse har ƙasa. Direbobin da ke sauka Hawan Kibo da kaya sun san wannan hali ba sai an yi musu bayani ba. Abin tsoron shi ne bayan motar ta huce birkin yakan dawo kamar ba abin da ya faru, sai mutum ya ce ai tsautsayi ne, ya ci gaba da tafiya da man.

Ba zan rantse cewa duk wanda ya zuba DOT 5 birkinsa zai shanye ranar farko ba. Yana iya yin wata yana yawo cikin gari lafiya lau, kuma na tabbata za a samu wanda zai rubuto a zaure cewa shi ya zuba bai ga komai ba. Yawon gari ba ya kai birki ga zafin da muke magana, ba ya kuma tayar da ABS. Abin da nake da tabbaci a kai shi ne ba a ƙera birkin waɗannan motoci don silikon ba, kuma masu ƙera su sun faɗa da bakinsu. Littafin mai mota na Camaro, a babin shiga filin tsere, ya umarci a canza man birki zuwa mai jure zafi daga kwalbar da ba a buɗe ba, sannan ya hana amfani da silikon ko DOT 5 ƙarara. Wanda ya rubuta saƙon, da ya buɗe littafin da ke cikin aljihun motar ya karanta shafi guda, da bai jefa 'ya'yan mutane cikin wannan haɗari ba.

Abin takaicin shi ne abin da ake nema yana nan a cikin dangin DOT 4. Motul RBF 600 yana jure digiri 312 yana sabo. Castrol SRF ko bayan ya sha danshi yana kai digiri 270, ya zarce sabon DOT 5. Su masu zuwa fili suke zubawa. Sharaɗinsu ɗaya: a riƙa canza su akai-akai, shi ya sa takardar binciken mota ta ƙungiyoyin da ke shirya ranakun fili a Amurka take tambayar yaushe aka canza man birki. Ga mai hawa titi kawai, man da aka rubuta a murfin tulun motarsa ya ishe shi, a juye tsohon kamar duk shekara biyu, daga sabuwar kwalba, ba ragowar da ta kwana a buɗe a gareji ba. Motar da ta yi watanni a filin gwanjo a Amurka, ta ratso teku, ta zauna a tashar jirgin ruwa, ta fi kowace bukatar wannan juyi, domin ba wanda zai gaya maka shekarun man da ke cikinta.

Wanda kuwa ya riga ya zuba, kada ya tuƙa motar zuwa gareji, a jawo ta. Zuƙe tulun sama bai wadatar ba. Sai an wanke layin gaba ɗaya, a yi bilidin kowace taya, a haɗa kwamfuta ta buɗe bawulolin ABS don abin da ya maƙale a ciki ya fito, a kuma duba robobin kalifa da na babban famfon birki, a canza duk wanda ya kumbura ko ya yi laushi. Silikon yana manne wa jikin ƙarfe da roba, saboda haka aikin yana cin mai da yawa da haƙuri, kuma ba kowane bakanike ke da kwamfutar ba. A tambaya kafin a ba shi mota.

Ɗan yayata bai kai ga buɗe kwalbarsa ba. Na ce ya ɗaga ta a rana ya gaya mini launin abin da ke ciki, ya ce shunayya. Ranar Asabar ɗin mun je garejin tare, aka juye tsohon man da ya zo da motar, wanda ya yi baƙi kamar shayin da aka manta a kan wuta, aka zuba DOT 4 sabo. Kuɗin da ya ware wa wili mai inci 22 kuma ya sayi taya huɗu da su, bayan ya duba lambobi huɗun da ke gefen tsoffin ya ga a 2017 aka yi su.