Inda Ya Dace Sabon Likita Ya Koyi Maganin Taɓin Hankali

Idan aka karye a Kashin Zama, ko a wani ƙauye na ƙasar Jega da Maiyama, ba a daɗe ana shawara, Aliero ake nufa wurin maɗora. Amma idan hankali ne ya taɓu, sai dangi su yi ta yawo da mara lafiya, daga gidan malami zuwa gidan boka, kafin a yi tunanin doguwar hanyar nan ta Tambuwal da Sakkwato zuwa asibitin Gwamnatin Tarayya da ke Kware. Dalili kuwa shi ne ƙarancin likitocin wannan fanni, waɗanda ƙungiyarsu ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200.

Saboda haka duk ɗan Jihar Kebbi da ya gama karatun likita da bautar ƙasa, ya kuma ƙudura niyyar ƙwarewa a wannan fanni, zaɓen asibitin da zai koyi aiki babban al'amari ne gare shi da jama'arsa.

Abu na farko da zai bincika shi ne ko Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, ko takwararta ta Afirka ta Yamma, ta amince da horon asibitin, kuma amincewar cikakkiya ce ko ta wani sashe ce. Waɗannan kwalejoji su ke shirya jarrabawa hawa uku, watau ta share fage, da kashi na ɗaya, da kashi na biyu, a horon da ba ya kasa shekara huɗu.

Na biyu, kuma mafi girma, shi ne yawan marasa lafiya da irinsu. Wannan ciwo ba kasafai hoto ko gwajin jini ke nuna shi ba. Da tambaya da saurare da lura ake gane shi. Kamar yadda ɗan maɗori ke koyon ɗori a gaban mahaifinsa, haka ɗalibi ke bukatar babban likita ya zauna ya ji yadda yake tambayar mara lafiya, ya gyara masa. Asibitin da ke da manyan likitoci a takarda, amma ba a ganinsu wajen zagayen ɗakuna, bai cancanci a kashe shekaru a cikinsa ba. Ya kamata ɗalibi ya ga manya da yara da tsofaffi, da matan da suka rikice bayan haihuwa, da samarin da tiramol da kodin suka illata, da waɗanda kotu ta aiko, ya kuma yi watanni a sashen cututtukan jijiya.

Na uku shi ne harshe. Wanda ya koyi aiki a Sakkwato, ko Barnawa ta Kaduna, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, zai saba da jin tsohuwa tana cewa iska ce ta buge ɗanta, ya fahimci nufinta ba tare da tafinta ba. Marigayi Farfesa Thomas Lambo ya nuna amfanin haka tun 1954 a Aro ta Abeokuta, inda ya zaunar da marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan da ke kusa da asibiti.

Bugu da ƙari, tun Janairun 2023 sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙin mara lafiya. Ɗalibi ya duba ko asibitin na aiki da ita, ko kuwa har yanzu mari da ɗauri ake yi.

Hanya mafi sauƙi ta sanin duk wannan ita ce ya je da ƙafarsa, ya ga ranar duba marasa lafiya, ya tambayi waɗanda suka riga shi shiga, domin gani ya kori ji.