Tarihin Gidan Makama na Birnin Kano

A zamanin da, manyan hakiman ƙasar Hausa mayaƙan doki ne. Sarki yakan ba kowannensu garuruwan da zai riƙe, shi kuwa ya zauna cikin birni a babban gida, da baradensa da bargar dawakinsa. Yawancin irin waɗannan gidaje sun rushe. Daga cikin kaɗan da suka saura akwai Gidan Makama, wanda ke daura da fadar Sarkin Kano.

Masana tarihi sun ce an gina shi cikin ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, lokacin yana riƙe da sarautar Makama. Rumfa ya ci sarautar Kano a 1463, ya yi mulki har 1499. Da ya gina sabuwar fada, watau Gidan Rumfa, sai tsohon gidansa ya zama mazaunin duk wanda aka naɗa Makama. Sarauta ce babba, gama Makama yana cikin hakimai huɗu masu zaɓen Sarki.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, sun yi ofis a cikin gidan na ɗan lokaci. Daga baya aka raba shi uku: sashe guda ya zama makaranta, guda aka bar wa Makama, na ukun aka mai da shi gidan ajiye kayan tarihi. A nan mai ziyara zai ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, da kayan yaƙi, da kayan sana'o'in gargajiya. Kula da shi yana hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1979.

Ginin kansa abin kallo ne. Da tubali da azara aka yi shi, aka ɗora rufin soraye bisa bakan gizo. Amma ginin ƙasa ba ya jure sakaci. Muddin aka daina yaɓe da gyaran indararo, damina kaɗan sun isa su kā da shi.

Ba Kano kaɗai ke da irin wannan gado ba. Gidan Hidi na Sukur, a arewa da Mubi cikin Jihar Adamawa, ginin dutse ne, ya kuma shiga jerin kayan tarihin duniya a 1999. Saboda haka ana roƙon jama'a, duk wanda ke da tsohon gida mai tarihi a garinsu, kada ya bari a rushe shi ko a sayar da kayan cikinsa. Ya sanar da hakimi, ko ofishin Hukumar mafi kusa.