Abin Da Ke Ƙarƙashin Kankare: Yadda Ake Shirya Ƙasa Kafin a Daɓe Mashigar Mota

Da zarar an gama kaka a Bakori, an sayar da masara da waken suya, sai tifofin yashi su fara sauke kaya a ƙofar gidaje. Cikin ayyukan da ake yawan yi har da zuba kankare daga bakin get zuwa cikin gida ko ƙofar sito, don a huta da caɓi. Sai dai wani daɓen damina biyu kacal yake gani ya tsattsage, mai gida ya ce siminti ne ba shi da kyau, ko birkila ya yi masa ƙwange. Sau da yawa laifin na ƙasar da ke ƙarƙashi ne.

Kankare na jure danniya sosai, amma ba ya jure lanƙwasa: ƙarfinsa wajen ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa wajen danniya ba. Idan ƙasa ta lotsa a wani gefe, daɓen ya zama gada a kan rami, mota ɗauke da buhunan masara na hawa sai ya karye. Rodi yana riƙe tsagar kada ta buɗe, amma ba ya hana ƙasa nutsewa.

Ƙasar da ke sa noma albarka daga Funtuwa zuwa Malumfashi ita ce mafi muni a ƙarƙashin kankare. Baƙar ƙasar sama cike take da saiwoyi da taki, suna ruɓewa su bar kogo. Dole a kwashe ta har a tarar da ƙasa mai tauri. Haka tsohuwar shadda, ramin da aka haƙa aka yi bulo, ko gidan gara: a tone, a cike a hankali. Inda ya yi kusa da fadama kuma laka ce matsalar, domin tana kumbura da damina, ta tsuke da rani. Gwajinta ba ya buƙatar injiniya. A zuba ƙasar a gorar roba, a ƙara ruwa, a girgiza, a ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti guda, laka kuwa sai ta kwana ruwan bai washe ba. Idan lakar ta yi yawa, a ƙara zurfin haƙa, a maye gurbinta da marmara.

Wajen ciko ne aka fi yin asara. Tifa ta juye marmara, leburori su baje ta da shebur, a tattaka sama-sama, shi ke nan. Alhali duka ba ya ratsa ƙasa mai kauri. Ana zubawa ne hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 10 zuwa 15, a yayyafa ruwa, a daddanne, sannan a ƙara wani. Da hunturu ƙasa ta bushe ƙamas, ba ta kamuwa sai da danshi, kuma idan ta jiƙe sharkaf ma ba ta kamuwa. A dunƙula ta a hannu: idan ta tsaya ba ta jiƙa tafin hannu ba, ta yi daidai. Matan da ke daɓen ɗaki da madaɓi sun san wannan tun kafin zuwan siminti. Hayar injin danne ƙasa na yini ɗaya ta fi arha a kan fasa daɓe a sake. Idan babu, a cika babban gwangwani da kankare, a kafa masa mariƙi, a yi ta duka. A saman marmarar sai a shimfiɗa tsakuwa kamar santimita 10, ita ma a danne ta.

Sai gangare. Ruwan watan Agusta idan bai samu hanya ba, ƙarƙashin daɓen zai bi. Ana son gangaren santimita 2 a kowace mita, daga gini zuwa kwata, kuma tun a ƙasa ake fitar da shi, ba a saman kankare ba. A nan waya na da amfani. Na'urar da ke juya allo idan an karkata waya ita ce ke auna karkata. iPhone na da ma'aunin a cikin manhajar Measure, masu Android kuma akwai irinta da yawa a Play Store. Wannan gangaren ya ɗan haura digiri 1. Amma wayar gajera ce, ga tudun kyamara a bayanta, don haka a tsayar da ita a gefenta bisa dogon katako miƙaƙƙe. Idan tsawon ya kai mita 10, siririn tiyon ruwa na birkiloli ya fi kowace manhaja gaskiya.

Kauri kuma, santimita 10 ya ishi ƙaramar mota da Keke Napep, amma inda motar hatsi za ta riƙa shiga a kai shi 15. Mashiga mai faɗin mita 3, tsawon mita 10, kaurin santimita 10, za ta ci kubik mita 3. A haɗin 1:2:4, wato siminti, yashi da tsakuwa, kowace kubik mita na cin buhu shida da ɗoriya, kusan buhu 19 ke nan. Ƙasar da ba a daidaita ba na lalata wannan lissafi, domin wani wuri zai sha kankare, wani ya fito siriri.

Kafin a zuba a jiƙa tsakuwar kaɗan don kada ta tsotse ruwan kwaɓin, a kuma yanka layin rabo a duk mita 3. Bayan zubawa a rufe da tsofaffin buhuna, a riƙa ba shi ruwa kwana 7, musamman a iskar hunturu. Babbar mota kuwa ta sauke kayanta a waje har sai an cika kwana 28.